A Bakin Lofe A Ke Gane Masassaƙi

Jama'a, a wannan mako filin namu zai ɗan huta da maganar siyasa da ta kasuwa, mu leƙa rumfar wani mai sana'a wanda ba kasafai a kan ji labarinsa a ƙasar nan ba, watau masassaƙin lofe na ƙasashen Turai. Kada mai karatu ya yi tsammanin tallar taba za mu yi masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa taba na hallaka mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, likitoci kuma sun tabbatar mai zuƙar ta lofe bai tsira daga ciwon daji na baki da na maƙogwaro da na huhu ba. Nijeriya ma ta kafa dokar taƙaita shan taba a shekarar 2015. Wannan magana ce tabbatacciya, ba mu da ja a kanta. Abin da ya ja hankalinmu shi ne aikin hannun da ke cikin sana'ar, musamman wani ɗan wuri a bakin tukunyar lofe wanda faɗinsa sau da yawa bai fi na ƙwayar shinkafa ba, amma a kansa a ke yanke wa masassaƙi hukunci, ko gwani ne ko ɗan koyo.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san lofen da tsofaffi su ke sha, mai tukunyar yumɓu da dogon bututu. A Fumban ta ƙasar Kamaru kuwa, Bamun sun shahara da yin manyan tukwanen taba na yumɓu da na tagulla masu ado, waɗanda sarki da manyan fada su ke riƙewa don nuna matsayi. Turawa ma da na yumɓu suka fara. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 ne masu sana'ar katako na garin Saint-Claude, a cikin duwatsun Jura na gabashin Faransa, suka soma sassaƙa lofe da saiwar wani itace, har garin ya zama cibiyar wannan sana'a a duniya. A can ne aka kafa ƙungiyar gwanayen masu lofe a 1966, akwai kuma gidan tarihi na lofe da lu'ulu'u a garin.

ITACEN DA BA YA SAURIN GIRMA

Itacen nan Turawan Ingila na kiransa biraya, sunan da suka aro daga Faransanci, masanan tsirrai kuwa su ce Erica arborea. Ba wani babban itace ba ne, a gaɓar Bahar Rum tsayinsa bai cika wuce na mutum biyu ba. Ya kan fito a busassun tuddai na tsibirin Kosika da Sadiniya, da Italiya, da Girka, da Aljeriya, da Maroko. Ana samunsa kuma a tsaunukan Habasha, har da saman duwatsun Tibesti na arewacin Chadi, amma na bakin Bahar Rum shi ne na kasuwar lofe. Tsakanin saiwarsa da gangar jikinsa akwai wani ƙullutu da ke ɓoye a ƙasa, inda itacen ke ajiye ruwa da abinci, domin idan fari ya yi tsanani ko gobarar daji ta cinye rassansa ya sake tohowa daga nan. Wannan ƙullutu mai tauri, mai jure zafin wuta, shi ne abin da masassaƙi ke nema.

To, ga inda haƙuri ya ke farawa. Ƙullutun ba ya kai girman da za a amfana da shi sai ya shekara 30 ko fiye a cikin ƙasa. In an haƙo shi sai a ajiye shi da danshi don kada ya tsage, sa'an nan masu yanka su raba shi gunduwa-gunduwa da zarton inji, suna zubar da wurin da tsutsa ta ci ko tsakuwa ta shige. Abin da ya rage a zuba shi a manyan tukwane a tafasa shi sa'o'i masu yawa domin ruwan itacen mai ɗaci ya fita. Bayan haka sai shanya a inuwa, wata da watanni, wasu masu sana'ar ma su kan ajiye gunduwa shekaru kafin su taɓa ta. Saboda haka ɗan guntun katakon da ya iso teburin masassaƙi, wanda bai fi cikin tafin hannu ba, mai yiwuwa ne ya girmi masassaƙin kansa. Mai karatu ya riƙe wannan a zuci, domin shi ne dalilin duk taka-tsantsan da za mu ambata nan gaba.

Masassaƙi ya kan huda ramuka a jikin gunduwar. Babba shi ne ramin taba, wanda faɗinsa galibi milimita 19 zuwa 22 ne. Ƙarami shi ne hanyar hayaƙi, kimanin milimita 4, wadda lalle ne ta faɗo daidai tsakiyar gindin babban ramin. Akwai kuma mazaunin bututun da a ke sa wa a baki, wanda a ke yi da baƙar roba mai tauri. Bangon da ke kewaye da ramin taba ba a so kaurinsa ya kasa milimita 6, watau rubu'in inci, in ba haka ba tukunyar za ta yi zafi a hannu, wata rana kuma wuta ta huda ta. Saman wannan bango shi ne bakin tukunya, shi ne kuma abin da ido ke fara sauka a kai in an miƙo wa mutum lofe.

AMFANIN GANGAREN

In an gama huda rami, gefen bakinsa na ciki ya kan fito da kaifi kamar bakin gwangwanin da aka yanke. Masassaƙi da yawa ba su barinsa haka. Su kan sassaƙe kaifin nan a karkace, ya zama ɗan gangare mai zagaye ramin yana zubawa ciki, kamar bakin mazurari. Wani ya kan yi shi siriri, milimita 2 ko 3, wani kuwa ya faɗaɗa shi har ya cinye rabin bakin ko fiye.

Dalilin farko na wuta ne. Kowa ya taɓa hura murhu ya san tsinke ya fi gungume saurin kamawa. Gefe mai kaifi ba shi da naman itace a bayansa wanda zai shanye zafi, saboda haka shi harshen ashana ke fara ci, yau kaɗan gobe kaɗan, har bakin ya yi baƙi ya guntule ta gefe ɗaya. In an kwantar da kaifin, wutar ba ta samun siririn wurin kamawa. Dalili na biyu na cika tukunya ne, domin gangaren na tattaro ganyen ya tura shi cikin rami. Na uku na ido ne. Bango mai kauri ya kan sa lofe ya yi kama da turmi, amma da an yi masa gangare sai nauyin ya ragu a ido, haske kuma ya riƙa zagaya bakin kamar zobe.

Masu sana'ar ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu na cewa gangare mai faɗi ƙarin fili ne kawai a ke shimfiɗa wa harshen wuta da kunkunniya, gara a bar baki a shafe, a ɗan kashe kaifinsa kurum. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya in bangon siriri ne, domin wanda ya yi wa siririn bango gangare mai faɗi bai kawar da kaifi ba, ya dai matsar da shi daga gefen ciki zuwa na waje. Saboda haka gwani ya kan auna kaurin bango tukuna, sa'an nan ya yanke shawara.

YADDA A KE FITAR DA SHI

Kafin a taɓa gangare sai bakin ya daidaita. A kan shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen jiki, a kifa tukunyar a kai, a riƙa goga ta ana juya ta a hannu domin kada gefe ɗaya ya fi ciwuwa. Bakin da ya karkace ba ya haifar da gangare madaidaici, ko da wane ne ya riƙe wuƙar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Da bakin ya daidaita sai a ɗauki fensir a zana da'ira kewaye da ramin, ita ce iyakar da ba za a ƙetare ba.

Mai injin wulwula katako aikinsa da sauƙi. Tun gunduwar na ɗaure a inji, bayan ya huda ramin taba, sai ya kanga ƙarfen yanka a karkace, cikin daƙiƙa kaɗan gangaren ya fito daidai wa daida, tun da ya ke shi da ramin a kan cibiya ɗaya suka juya. Wahala tana ga wanda ya riga ya sassaƙa siffar lofen da hannu, ko wanda bakin tukunyarsa ba a shafe ya ke ba. Shi sai ya koma ga wuƙa da magagari, yana ɗiba kaɗan-kaɗan yana juya tukunya, yana dubawa a hasken taga.

Akwai wata dabara mai ban sha'awa da masu sana'ar ke yi da ƙwallon katako. A kan samo ƙwallo wanda ya fi ramin faɗi, a lulluɓe shi da tsiri-tsirin sanfefa, a ɗora shi a bakin ramin a riƙa murzawa. Hikimar ita ce, ƙwallo in ya zauna a bakin rami mai da'ira, ya kan taɓa gefen ramin ko'ina a lokaci ɗaya, ko da hannun mai murzawa ya ɗan karkata. Girman ƙwallon kuma shi ke yanke tsayuwar gangaren. Wanda ya ɗara ramin da kaɗan ya kan nutse ciki ya ba da gangare mai tsayi, babba kuwa ya kan zauna a sama ya ba da mai kwanciya. Ɗalibin lissafi na iya gwadawa a takarda: in ramin milimita 20 ne, ana kuma son karkata ta digiri 45, ƙwallo mai faɗin milimita 28 a ke bukata.

Amma ko da ƙwallo a hannu akwai tarko. Itace yana da jijiya, jijiyar kuwa ba ta zagaya baki yadda ramin ya zagaya. A wani ɓangare na bakin sanfefa na bin jijiyar a kwance, a wani kuma tana cin karo da kawunanta. Wuri ɗaya ya fi wani saurin ciwuwa. Wanda ya danna da ƙarfi ɗaya bai duba ba, sai ya ɗaga hannu ya tarar gangaren ya yi faɗi a gabas ya tsuke a yamma. Bambancin rabin milimita a nan ba ya ɓuya, domin da'ira biyu ne a jere, ta rami da ta iyakar gangare, idon ɗan Adam kuwa ya ƙware wajen gane da'irar da ta kauce wa 'yar'uwarta. In ɗan koyo ya ga haka sai ya ce bari ya ƙara ɗiba a gefen da ya tsuke. Ya ɗiba ya zarce, ya koma ɗaya gefen ya rama, har bakin ya ƙare yana neman daidai bai samu ba. Maƙeri in ya yi kuskure ya mai da ƙarfe wuta, magini ya ƙara laka, amma abin da sanfefa ta ci a jikin katako ya tafi ke nan. Ƙullutun da ya shekara 30 a ƙasa ana iya lalata shi cikin minti 3.

MATAKALAR SANFEFA

Mai karatu ya san lambobin da ke bayan sanfefa. Ƙaramar lamba tsakuwarta manya ne, babbar lamba kuwa tsakuwarta ƙanana. Masu lofe su kan fitar da siffa da mai kaushi, sa'an nan su hau matakala: 220, 320, 400, 600, wasu har 1000 ko fiye. Aikin kowace lamba guda ɗaya ne tak, watau ta shafe kartar da ta gabace ta ta bari, ta maye gurbinsa da nata wanda ya fi ƙanƙanta. Wanda ya tsallake daga 220 ya faɗa 600 don gudun ɓata lokaci, zai ga wurin ya yi santsi har da sheƙi, alhali zurfafan kartar na nan kwance a ƙarƙashin sheƙin, ƙurar katako ta cike su.

Don haka gwanaye na da hanyoyin kama kansu tun ba a kama su ba. Su kan shafa zanen fensir a kan gangaren duka kafin su hau sabuwar lamba, ba su bari sai baƙin fensirin ya ɓace ko'ina. Su kan goge wurin da sifirit domin ƙurar ta fita, kartar da ta ɓuya ta bayyana. Su kan kuma guji naɗa sanfefa a yatsa. Tsokar yatsa taushi gare ta, ta kan lanƙwasa ta haye layin da ya raba gangare da shafaffen baki, ta cinye shi, wurin ya zama kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Kyan gangare kuwa duk a wannan layi ya ke. Saboda haka a kan goya wa sanfefa abu mai tauri a baya, in an gama kowace lamba kuma a sake kifa bakin a gilashi a ɗan goga, layin ya dawo da kaifinsa. Duk wannan da takunkumi a hanci, domin ƙurar katako mai laushi ba abokiyar huhu ba ce.

Ranar rini ita ce ranar tonon asiri. Rinin da a ke sa wa lofe irin na masu fata ne wanda a ke narkawa a sifirit, shi kuwa ya kan taru a duk inda ya sami rami. Kartar da ido bai gani ba jiya, yau ta fito baƙa ƙirin kamar tsagar fuska. Ba ta da magani sai a koma lambar da aka tsallake a sake hawo matakalar daga nan, ga asarar rini, ga ƙarin naman itace da za a ci. Sannu ba ta hana zuwa. In rini ya zauna lafiya sai a kai tukunya ga keken goge mai faifan ƙyalle, a ƙarasa da kakin kanoba wanda a ke samu daga ganyen wani irin giginya na ƙasar Birazil. Nan ma ba a tsira ba, domin faifan na iya cinye layin da aka sha wahala a kansa, ko ya fizge lofen daga hannu ya maka shi da bango.

GANGAREN GASKIYA DA NA RUFA-RUFA

Akwai kasuwar tsofaffin tukwanen taba a Turai da Amurka da Japan, inda masu tara kayan tarihi ke neman aikin tsofaffin kamfanoni irin su Dunhill na Landan, wanda ya fara yin lofe a 1910, da Peterson na Dablin, da Savinelli na Italiya wanda aka kafa a 1876. Tsohon lofe kuwa bakinsa ne ke fara lalacewa, ko da ƙuna, ko da wuƙar mai kankare gawayin ciki. Masu gyara sun gano cewa in an yi wa irin wannan baki gangare, ƙunar ta tafi, ramin da ya zama kamar ƙwai ya koma kamar da'ira. Gyara ne mai amfani, ba laifi a cikinsa. Laifin na zuwa ne ranar sayarwa, in mai gyara ya yi shiru ya bar mai saye ya ɗauka haka lofen ya fito daga hannun mai shi na asali. Masu tarawa sun fi ba da kuɗi ga wanda ba a taɓa siffarsa ba, saboda haka wannan shiru cin dukiyar mutum ne ta hanyar yaudara. Wuƙa ɗaya, ƙwallo ɗaya, gangare iri ɗaya, amma gaskiyar mai aikin ce ke raba gyara da ha'inci.

Daga teburin gyara ne ma wani babban gwani ya taso. Sixten Ivarsson, haifaffen Siwidin da ya zauna a Kofanhegan ta ƙasar Danmak, da gyaran tukwanen taba na mutane ya fara a shekarun 1940. A lokacin masana'antu na fitar da lofe da injin kwafi, siffa ɗaya sau dubu, jijiyar itace ta faɗi duk inda ta ga dama. Shi kuwa sai ya juya tsarin. Ya kan dubi gunduwa ya bi jijiyarta ya sassaƙa siffar da ta dace da ita, sa'an nan ya huda. Ɗansa Lars da jikarsa Nanna sun gaje shi, almajiransa sun bazu, ya rasu a 2001. Aikin gwanayen wannan makaranta ya kan kai dubban daloli guda ɗaya, alhali na masana'anta, da irin wannan itace, bai kai ko kusa ba. Mai sayen ba nauyin katako ya ke biya ba. Sa'o'in da aka kashe a wuraren da ɗan gaggawa zai ce ba wanda zai duba, su ya ke biya.

To, jama'a, wannan ita ce gaɓar da ta shafe mu, ko da ba mu taɓa riƙe lofe ba. Masassaƙanmu na da hannu. Wanda ya ga yadda a ke fitar da turmi ko akushi daga gungume da gizago kaɗai ba zai yi musun haka ba, bakin tsohon akushi na gidan kaka kuma shaida ne cewa magabata sun san darajar ƙarasa aiki. Amma mai karatu ya shafa hannunsa a gefen teburin da kafinta ya kawo masa, ko ya leƙa ƙarƙashin kujera, ko ya dubi ƙofa a hasken rana bayan an shafa mata fenti. Sau nawa ya kan tarar da karta a ƙarƙashin sheƙi, da kaifin da ke yage riga? Katakon mai kyau ne, haɗin ma da ƙarfi, sa'a guda ta ƙarshe ce aka yi rowarta. A wannan sa'a ce kayan waje ke kayar da namu a kasuwa, ko da nasu garin katako ne aka matse, namu kuwa maɗaci ne tsantsa.

Laifin ba na kafinta kaɗai ba ne. Mu masu saye mu ke tsaya masa a ka muna cewa biki jibi ne, mu kuma tauye masa kuɗi har ya ga sayen sanfefa lamba uku asara ce. Wanda ya ba da aiki ranar Talata yana son sa ranar Alhamis, shi ya tsallake 320 da 400, kafinta hannu kawai ya ara masa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makarantun koyon sana'a da iyayen gida masu almajirai su ma da nasu kason, domin yaro ya kan ɗauki guga a matsayin aikin wahala da a ke jibga wa sabon shiga, ba a gaya masa cewa a nan sunan rumfar ke tashi ko ya faɗi ba.

Shawararmu ga mai sana'a ita ce ya sa kuɗin ƙarasa aiki cikin cinikinsa tun farko, ya kuma gaya wa mai kaya ranar da zai iya gamawa ba ranar da mai kaya ke son ji ba. Ga mai saye kuwa, in ya je karɓar kaya ya fara da shafa gefe da kusurwa, in ya ji sumul ya biya ba tare da ja-in-ja ba, ya kuma faɗi sunan mai aikin a gaban jama'a.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.